Goran Istifanus

"Silin gashi ɗaya ne fa, Rifkatu! Sili ɗaya!"

Mama Saratu ce, mahaifiyar Istifanus, durƙushe a tsakar gidanmu da reza a hannu. Matar da ba ta taɓa amsa gaisuwata da fara'a ba, yau ita ce riƙe da ƙafata.

"Mama, ki tashi don Allah..."

"Ba zan tashi ba! Tsohon nan na bakin gulbi ya ce ruwa ba ya sakin mutum sai an ba shi wani abu daga jikin wadda zuciyarsa take wurinta. Gashinki da baƙar kaza, shi ke nan. Ko da rai ko gawa, 'yan ruwa za su dawo mini da ɗana!"

An riga an yi shelar aurenmu sau biyu a coci, saura ta ƙarshe, sai gulbin Haɗeja ya cika ya tumbatsa, ya cinye shinkafar mutane, ya doso unguwarmu. Istifanus masunci ne. Ya ɗauki goransa, ƙaton goran nan da masunta suke kifa ciki a kai su ratsa ruwa, suka tafi da abokinsa Bakari su sare ciyawar kacalla da ta toshe wa ruwa hanya. Bakari ya dawo. Nawa bai dawo ba.

Goran nan shi ne bakinsa. Duk sanda ya doso gaɓar bayan gidanmu sai ya riƙa buga shi da tafin hannu, ni kuma in ƙirƙiro wanki in fita.

"Rifkatuna, kin ji kiɗan? Mijinki ne ya dawo da tarwaɗa."

"Miji tun yanzu? Fasto bai gama shela ba."

"To ki ce masa ya yi sauri, abin ƙaunata, tarwaɗa ba ta jira!"

Wannan muryar ce take yawo a kaina lokacin da Dorkas ta leƙo daga ƙofa. Ita ce 'yar aminiyar Mama Saratu, yarinyar da Mama ta so Istifanus ya aura, kuma ita ce ta kai Mama wurin tsohon. Na san haka, kuma har yau ina jin zafinta.

"Ni da ni ce, kaina gaba ɗaya zan aske," in ji ta. "Amma kowa da irin son da yake yi."

Na dubi Babana, yana zaune a gindin darbejiya, kansa a sunkuye.

"Baba..."

"Ba zan sa ki ba, ba zan hana ki ba, 'yata. Da bakinki kika yi wa Ubangiji alkawari ranar baftisma."

Ba zan yi ƙarya ba, na karɓi rezar. Na zame ɗankwalina, na kamo gashin. Mene ne sili ɗaya a kan Istifanus? Sai na tuna ranar da ya yanke layar da kakansa ya ɗaura a wuyan goran, ya jefar a gabana, yana dariya. Ya ce Wanda ya yi gulbin ya fi ƙarfin duk abin da yake cikinsa, shi a hannun Yesu ya sa ransa.

In nemo shi da abin da ya jefar da hannunsa?

Na ajiye rezar a ƙasa.

"Ba zan iya ba, Mama. Zan yi addu'a, zan yi azumi, zan bi gaɓa da ƙafata har inda ruwa ya ƙare. Amma wannan... a'a."

Ta miƙe a hankali, ta kakkaɓe zaninta.

"Ashe ba ki taɓa son sa ba. Ki riƙe gashinki, ki yi kitso da shi."

Dorkas ta ba da nata, suka kai kazar. Ruwa bai dawo da kowa ba. Suka ce ai don ba gashin da aka nema ba ne, unguwa kuwa ta ɗauka. In na wuce sai a yi shiru, har matan zumuntar coci da muke waƙa tare.

Kada ku zaci ni kuma an amsa mini. Na durƙusa har gwiwoyina suka yi kanta, na yi kuka, na yi wa Ubangiji faɗa kamar yadda ake yi wa uba. Shiru. Wani lokaci tsoro yakan kama ni, in ce ko da na bayar da ya dawo?

Ranar Asabar Bakari ya yi sallama a ƙofar gida, rungume da goran. Goran ya tsage daga wuya har ciki.

"Can gabas na tsince shi, cikin kacalla. Na duba ko'ina, ƙanwata. Wallahi na duba."

Ya juya da sauri don kada in ga idonsa.

Washegari na tafi da goran coci. Fasto ya zo wurin da ya kamata ya yi shelarmu ta ƙarshe, ya buɗe baki, ya kasa. Ya ce a tashi a yi waƙa. Mata suka ɗauki tulunan kiɗa da kacau-kacau, ni na ɗora goran a cinya.

Na buga. Babu amo, tsagar ta shanye sautin.

Na ce a zuciyata, Ubangiji, ban gane ba, kuma ban ji daɗinka ba. Amma ba ni da wani wurin zuwa.

Na sake bugawa. Sai na ga hannu ya sauka a kan tsagar, ya danne ta. Mama Saratu ce, idonta a kan bango, ba ta dube ni ba.

"Ban yafe miki ba."

"Na sani, Mama."

"Buga. Ina so in ji ɗana."