Rabin Hasken da Zulkifilu Ya Zubar

Zulkifilu ya ci amanar ilimi, ya ci ta Hansai. Ba wani suna da za a ba abin.

Ɗan baffanta ne, an sa musu rana bayan Sallah. Tare suke karatun sararin samaniya a jami'a, suna neman sawun iskar gas a cikin hasken da ke zuwa daga nesa. Sawun siririn layi ne, hayaniyar na'ura ta binne shi. Sai an tara ɗaruruwan ma'aunai an ɗauki matsakaicinsu, hayaniyar ta cinye kanta, layin ya fito in yana nan. Sharaɗin ɗaya ne: ba a zaɓe.

Shi kuwa ya zaɓa.

Da hantsi, a zauren gidan su Hansai a garin Garwa, ta juya masa kwamfuta.

"Yaya Zul... ina sauran ma'aunan? Rabi ka zubar!"

"Haba, sanyin idona. Layin yana nan, wallahi jikina ya ba ni. Ɗan taimaka masa na yi."

"Na mayar da su duka. Babu komai!"

"To kar ki mayar mana! Baffa ya ce ba zai ba ni ke ba sai na riƙe diplom. So kike a fasa?"

Ta shige ciki tana kuka. Mahaifiyarta na tankaɗe, ko kai ba ta ɗago ba.

"Ni ban san taurarinku ba, Hansai. Na san hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Rufa masa asiri."

Ta rufa. Tana son shi, ƙaryarsa kuma tana hana ta cin abinci.

Ranar da ya gabatar da aikin, iyayensu maza na zaune a gaba cikin manyan riguna. Malamarsu, Madam Yvonne, ta daɗe tana kallon allo.

"Layin nan ya cika kyau. Hansai, ke ma kina da ma'aunan. Zo ki haɗa su duka mu gani."

Ta tashi ta nufi kwamfutar. Zulkifilu ya matso, murya ƙasa-ƙasa, yana roƙon ta da Fillanci.

"Useko, Hansai... don Allah..."

Ta yi fatan wuta ta ɗauke. Ba ta ɗauke ba. Hawaye na zuba, ta danna.

Layin ya ɓace a gaban kowa.

Aka fasa auren. Jami'a ta soke aikin Zulkifilu, ta kore shi.