Ƙaramin Yatsan Haulatu

Baba ya ajiye wayarsa a kan tabarma, daidai gabana.

Na leƙa. Ni ce a cikin bidiyon, zaune a kan benci a harabar asibiti, jita a cinyata, ina dariya. A gefe ga Ikrima, ma'aikacin asibitin, da farar rigar aikinsa, yana nuna mini tsirkiya da kan biro.

"Haulatu, wannan shi ne gashin hannun da kike zuwa?"

Muryarsa a ƙasa take, kuma duk gidanmu mun san gara faɗan Baba da sanyin muryarsa. Inna tana bakin ƙofar ɗakinta tana share ido da gefen zani. Tun safe bidiyon ke yawo a wayoyin dangi, ana cewa 'yar Malam Sada, mutumin da ke jan salla a unguwarmu in liman ba ya nan, ta koma makaɗiya.

"Shi ne, Baba," na ce.

Wata goma sha huɗu kafin wannan rana, babur ya kayar da ni a hanyar Baure muna dawowa daga biki. Ƙarfe ya yanke mini jijiya a hannun hagu. Ciwo ya warke, amma yatsu biyu na ƙarshe suka lanƙwashe, ko allura aka soka ba na ji. A lokacin saura wata biyu bikina da Ma'aruf. Mahaifiyarsa ta zo dubiya, ta daɗe tana kallon hannun, ta tambayi Inna ko zan iya tuƙa tuwon mutum goma. Ban jira sun aiko ba. Ni na sa aka mayar musu da akwatunansu.

A sashen gashin ƙashi na asibiti na haɗu da Ikrima, ɗan Mai'aduwa, dogo, maras yawan magana. Kowa in ya ga hannuna sai ya langaɓe kai ya ce sannu. Shi kuwa da ya ga ina matsa ƙwallon robar da aka ba ni kamar an yi mini dole, cewa ya yi raggwanci ne ke damuna fiye da jijiya.

Na yi kwana uku ina jin haushinsa. Ranar da na koma sai na tarar ya zo da jita. Ya ce a wurin wani Buzu mai shigowa da kaya ta iyakar Kongolam ya koya, kuma yatsa ya fi yin biyayya idan kunne yana jiran lada.

Ya fara koya mini wani kamun tsirkiya mai sanyin sauti, mai kama da kewa, wanda ake ce wa "A maina" da Turanci. Yatsu uku ke riƙe shi, har da ɗaya daga cikin shanyayyun nawa. Sai da na yi wata huɗu kafin ya fita ba gargada. Ranar nan na dube shi ina jiran yabo, sai ya rubuta Am/G a bayan katina.

Ya ce layin nan da ya ratsa tsakani yana nufin in riƙe kamun yadda yake, sannan in ƙara masa wani sauti mai kauri daga ƙasa, a kan babbar tsirkiya, gaɓa ta uku ta wuyan jitar. Na ƙirga yatsuna. Ɗaya ya rage, ƙaramin, wanda likita ya ce in cire rai da shi.

"Mugunta ce wannan," na ce.

"Ita ce. Ki fara."

Ya ba ni aron jitar, na ɓoye ta a bayan akwati. Kullum in Baba ya tafi rumfarsa ta hatsi, sai in rufe ɗaki. In na miƙa ƙaramin yatsa, sauran ukun su saki. In na riƙe ukun, shi ya tsaya a sama yana rawa. Kan yatsuna ya yi kanta, wuyan hannuna ya kumbura. Sau biyu na yi kuka, kuma babu wanda ya gani.

Wata Alhamis, bayan mun gama, Ikrima ya ce ranar da na iya sabon kamun akwai maganar da zai kai gidanmu.

Na miƙe tsaye.

"Kada ka rataya maganarka a yatsana, Ikrima. Wanda ya rataya tasa a hannun nan ya riga ya tafi."

Ya ajiye bironsa, har na ɗauka ya ji haushi.

"Na yi kuskure," ya ce. "Ko ya kamu ko bai kamu ba, ina zuwa... Ke nake so, Haula, da hannun yadda yake."

A makon ya miƙa gashina ga Sista Hadijatu, don kada a ce ya haɗa aiki da son zuciya. Darasin jita kawai ya rage mana, a kan bencin harabar, a idon kowa.

Cikin masu idon har da Zubaida, 'yar baffana, da ke aiki a ɗakin kati. Ta daɗe tana kai masa kunun aya yana godiya yana miƙa wa masu gadi. Ta fara samuna ta ce tausayi ne kawai, haka yake yi wa duk wani naƙasasshe. Na ce mata to Allah ya ba ta ciwon da zai tausaya mata. Kwana biyar bayan haka bidiyon ya fita.

Baba ya ɗauke wayarsa daga kan tabarma. Ya ce yau ɗin nan a mayar wa mai abu abinsa, kuma na gama zuwa asibitin.

"Na ji, Baba. Amma ka ba ni izini in ɗauko ta, ka ga abu ɗaya."

Inna ta girgiza mini kai. Baba kuwa bai hana ni ba. Na shiga na fito da jitar, na zauna a gabansa. Gaskiyar magana, ban taɓa kama shi ya fita sarai ba.

Na jera yatsu uku. Na miƙa na huɗun. Na kaɗa, tsirkiyar ta yi wani ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

Na sake. Haka dai.

Na turo gwiwar hannuna gaba, na yi bismillah, na danna har sai da na ji zafi ya ratsa ƙashin yatsan.

Na kaɗa...

Sautin ya fito cikakke, mai kauri daga ƙasa, mai sanyi daga sama, ya daɗe a tsakar gidan kafin ya mutu.

Baba ba kiɗan yake saurare ba. Yatsan yake kallo, wanda ya yi wata goma sha huɗu yana tofa masa addu'a kowace safiya. Ya miƙo mini manuninsa ya ce in matse da ƙaramin kaɗai. Na naɗe ƙaramin yatsana a kai, na matse iya ƙarfina.

Ya kau da kai wajen bango, ya daɗe a haka.

"Har gobe ba na son kiɗa," ya ce. "Amma ba zan raina abin da Allah ya sa waraka a cikinsa ba. A cikin gida kawai." Ya gyara hularsa. "Shi yaron, ɗan wane ne a Mai'aduwar?"

Inna ta saki guɗa, ta yi saurin toshe bakinta.

Da yamma baffa ya taso Zubaida a gaba ta zo ba da haƙuri. Na yafe mata, amma da kaina na ce ta tura wa duk wanda ta tura wa bidiyon cewa magabatan Ikrima suna zuwa ranar Asabar.

Bayan Babbar Salla aka ɗaura. Ina da mako ɗaya a ɗakina na miƙa masa jitar, na ce ya kaɗa mini kamun nan in ji na malam. Ya karɓa yana 'yan kame-kame. Na zuba wa hannunsa ido, sai na ga ya sauya yatsu, ya danna babbar tsirkiyar da dogon yatsa, ƙaramin nasa yana can a wuri mai sauƙi.

"Ikrima!"

"Ranki ya daɗe..." Ya sosa ƙeya. "Shekara takwas ina kiɗa, nawa bai taɓa kaiwa can ba."

Na jawo kujera na zauna a gabansa, na ɗauki biro daga aljihun rigarsa.

"Raggwanci ne, masoyi," na ce. "Jera yatsunka, mu fara."