Rantsuwar da Nu'uman Ya Ƙi Yi

"Rantsuwa ɗaya fa aka ce ka yi, Nu'uman..."

Zulaihat ce ke magana a zauren gidansu na Ƙofar Sauri. Daga ciki ana jiyo yayarta Hajo tana 'yar waƙar nan tata ta cikin hanci. Shekararta talatin, ba ta taɓa furta kalma ba.

Hajon ce ma ta haɗa su. Shekarar da soja suka koma bariki Nu'uman ya dawo daga karatun likita a Turai, yana bi gida-gida yana ɗibar jinin masu irin lalurarta. Ya ce ƙwayoyin gado kamar fitilu suke a ƙwaƙwalwar jinjiri tun yana ciki, wata ta kunnu kan lokaci, wata ta makara, shi wadda ta makaran yake nema. Jinin yaya ya zo ɗiba, ya haɗa da zuciyar ƙanwa.

Magana har ta kai sa rana. Sai Furera, ɗiyar kawunsa, da ta daɗe da sa masa ido, ta raɗa wa Hajiyarsa cewa lalurar Hajo a jinin gidan su Zulaihat take. Hajiya ta ajiye masa Alƙur'ani, ta ce tunda shi ne masanin, ya dafa ya rantse jikokinta ba za su gada ba.

Ya ce ba zai iya ba, kuma ba macen da za a iya yi wa wannan rantsuwar.

Farkon maganar kaɗai Hajiya ta ji, ta sa aka fasa auren, aka ba shi Furera.

"Zulai, hasken idona, iliminmu bai kai nan ba. In na dafa, ƙarya na yi."

"Ita Furerar da aka ba ka fa? An sa ka rantse a kanta?"

Shi da bakinsa ya taɓa gaya mata auren zumunci ya fi tara irin wannan gado. Amma wa ke binciken gidan ɗan'uwansa?

Abin da ya fi ci mata rai, don wannan gaskiyar tasa ta so shi.

Ya tambaya a hankali ko ya daina aikin da jinin Hajo.

"Ci gaba. In ka gano fitilar, ka aiko a gaya mana... Kai dai kada ka zo."

Ta koma ciki ta zauna ƙarasa wa Hajo kitso. Hajo ta juyo ta taɓa kumatun ƙanwarta, ta daɗe tana duban lemar da ke yatsanta, sannan ta ci gaba da waƙarta.