Rigunan da Ke Kan Igiya

Rana ta take a ƙofar gidan yari, tsohuwa Tránsito tana tsaye cikin layin mata, rungume da ƙunshin fararen kaya da sabulu. Jikarta Dinora, marainiya mai tuyar wainar masara ta pupusa a tashar mota, tana ciki tun kafin damina. Laifinta? Babu wanda ya faɗa! Tunda aka kafa dokar ta-ɓaci don murƙushe 'yan daba, kiran waya ɗaya ya isa a ɗauke mutum, ba lauya, ba ranar shari'a...

"Ɗana, don Allah, tana da rai?" ta tambayi mai gadi.

"Iya, ajiye kayan ki matsa. Kowa a nan jikarsa waliyyiya ce!"

Tsohuwa ta san wadda ta buga wayar. Chabela ce, matar kawun yarinyar, wadda ta gaje rumfar tuyarta tun murhu bai huce ba. Wai Dinora tana ciyar da 'yan daba, alhali da bakin bindiga suke karɓa! Lauyan da tsohuwa ta samu ya sunkuyar da kai ya ce, "Uwa, kundin tsarin mulki ya hana wannan, amma an jingine shi." Ta koma gida tana kuka, tana cewa, "Ya Ubangiji, kai kaɗai ka rage mana..."

Chabela kuwa waya ta yi mata daɗi. Ta hangi rigunan namiji a igiyar shanyar maƙwabciyarsu Nicolasa, wadda suka yi faɗa kan kaza, sai ta buga waya cewa ana ɓoye ɗan daba. Sojoji suka ɓalle ƙofa, Tránsito tana leƙe ta katanga.

"Ina mai rigunan nan?"

Nicolasa ta ɗauko ɗan akwati. "Ga shi, ranka ya daɗe. Tokar gawar ɗana ce, hamada ta cinye shi a hanyar tsallakawa Arewa ci-rani. Wankin rigunansa ne hannuna ya ƙi dainawa."

Babbansu ya cire hula. Aka bi diddigin wayar, ƙaryar Chabela ta tonu kaf, har da wadda ta yi wa Dinora, aka fito da ita da ankwa tana ihun a kira mata lauya.

"Lauya?" in ji wata mai tumatir. "A wace ƙasa, ƙawata?"

Aka saki Dinora ta rame kamar kara, tana tari, aka mayar mata da rumfarta. Ta rungume tsohuwa, hannunta ya sarƙe cikin furfurar da ta cukurkuɗe.

"Kaka! Wa yake taje miki kai?"

"Ba kowa, 'yar nan. Ke nake jira."