Ginin Hawa Uku

"Innalillahi!"

Abin da ya fito daga bakinta ke nan, lokacin da kek ɗin da ta kwana biyu tana haɗawa ya burma a hannunta, hawan sama ya nutse cikin na tsakiya, daidai ƙofar shagon wani kafinta.

Kafintan ya fito da fensir a kunne. Ya dubi kek, ya dubi mai kek, shi ke nan ya manta da kek ɗin.

"Baiwar Allah, me kika sa a ciki ya riƙe shi?"

"Addu'a," ta ce, hawaye na zuba.

"Addu'a kam ta yi. Amma a haɗa mata da katako."

A ranar ya fere mata siraran sanduna, kowanne daidai tsayin hawansa. Ya nuna mata yadda za ta kafa su cikin na ƙasa, ta ɗora faifan kwali mai kauri, nauyi ya sauka kan sanduna ba kan kek ba, sannan dogon sanda ɗaya ya ratsa tsakiya. Daga nan kullum sai an samu abin aunawa, ko babu kek. Shi yana ce mata Sukarina, ita tana tsokanarsa da Injiniya.

Da maganar aurensu ta taso, babanta, tsohon magini, ya ce atafau.

"Shekara arba'in ina gina wa mutane gidaje, sai 'yata ta ƙare a ɗakin haya? Ga ɗan abokina da gidansa."

Ta yi kuka har idonta ya kumbura, Baba ko gezau.

Wata safiya ta bar wayarta a falo. Tun jiya ta gasa wani babban kek, ta bar wa Injiniya ya ɗora mata shi a shagonta. Saƙo ya shigo, Baba ya leƙa.

"Sukarina, hawa ukunmu ya tsaya daram. Ginshiƙi biyar na sa a ƙasa, huɗu a tsakiya, ko girgiza ba ya yi. Ki zo ki zaɓi kalar da za a shafa."

Baba ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Hawa uku! Yaron nan? Ashe shiru-shiru ba tsoro ba ne!"

Kafin azahar ya ba abokinsa haƙuri, ya kira ƙannensa kaf, ya aika a kirawo kafinta. Da ta jiyo Baba yana ba da labarin "benen surukinsa", sai ta ɗauke wayarta daga falo. Nan take ta rubuta:

"Injiniya, an shiga uku. Baba ya ɗauka bene ka gina. Don Allah in ya tambaya ka yi murmushi kawai, kada mu rasa juna."

Amsa ta zo: "Ina sonki fiye da yadda kike zato. Shi ya sa ba zan karɓe ki da ƙarya ba."

Falo ya cika da baffanni. Baba sai fara'a.

"Ɗana, a wace unguwa ginin yake?"

"A kan tebur yake, Baba."

"Tebur?"

"Na shagonta. Kek ne."

Wani baffa ya ƙware da shayi. Mama ta dafe ƙirji a bakin labule. Baba kuwa baki buɗe, kamar an ɗauke wuta.

"Ka san da ka yi shiru, da yau na ba ka ita?"

"Na sani, Baba."

Baba ya tashi, ya ɗauko tsohon ma'aunin ruwansa na duba saitin gini. "Mu je in ga abin da ya kunyata ni."

A shagon ya zagaya kek ɗin sau biyu. Ya ɗora ma'auni a sama, ruwan ya tsaya cif a tsakiya. Ya jijjiga tebur, ya sake jijjigawa da ƙarfi, ita kuwa ta runtse ido. Babu abin da ya motsa.

Sannan Baba ya ce, "Na ga magina da siminti a hannunsu ba su yi aiki haka ba. Kuma na ga masu bene da ba su iya faɗin gaskiya. Ka turo manyanka."

Kuka ya ƙwace mata, na daɗi wannan karon.

Ranar aure hawa biyar suka ɗora. Da amarya da ango suka kama wuƙa tare, sai ga Baba ya zabura daga kujera.

"Kai! Rushe shi za ku yi?"

Wuri ya kaure da dariya. Shi ma ya dara, ya share ido da gefen riga, ya dafa kawunansu.

"To ku yanka. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

Ango ya matse hannunta. "Amin, Baba."