Munduwar da Tsatsa ta Manne

Ana gab da magariba dutsen farko ya faɗo a kan rufin kwano. Auta na tsakar gida tana kwashe shanya, uwarta na kicin, maigidan kuwa yana ɗakinsa, ya sunkuya da ɗan buroshi a kan wani tsohon zobe. Aka ce yaran maƙwabta ne. Aka leƙa lungu, babu ko kaza.

Mutumin nan Mai Tsatsa ake ce masa a unguwa, kuma wallahi sunan ya bi shi. Tun yana saurayi yake tara kayan ƙarfe na mutanen da: zobban tagulla, 'yan kunnen azurfa da suka yi baƙi ƙirin, sarƙoƙin da aka tono daga ƙasa. Ba mugu ba ne, tsari ne dai ya yi masa yawa. Kowane abu da durowarsa, tagulla ba ta kwana da azurfa, manya ba sa haɗuwa da ƙanana. Matarsa kan ce da zai iya, da su ma ya shimfiɗa musu auduga ya rufe.

A makon nan ne wani dillali ya kawo masa mundaye biyu, babba da 'yar mitsitsiya. Tsatsa ta manne su gam, ƙaramar a cikin babbar. Shi a wurinsa wannan aibi ne. Ya jiƙa su a mai, ya yi ta lallaɓa su da tsinke har suka rabu. Da yake yana da irin ƙaramar, sai ya yi musayarta da wani baƙo mai wucewa, ko lambar wayarsa bai karɓa ba.

Jifa bai tsaya ba. Kullum rana ta yi ja sai duwatsu su fara sauka, in sun lafa kuma sai a ji wata murya daga cikin durowa, ƙasa-ƙasa, kamar mai rarrashin jariri. Daga nan Auta ta daina cin abinci. Yarinyar da surutunta ke hana kowa sakat ta koma zama a gindin durowar, ta naɗe hannuwa a ƙirji tana jijjiga abin da babu. Tana ramewa suna kallo.

"Baban Auta, yarinyar nan za ta mutu a hannunmu," in ji uwar.

Ya je ya ɗauko wani malami dattijo da ya san irin wannan lalura. Malam ya zauna gaban Auta, ya yi ta karatu a hankali har ɗakin ya yi tsit. Can sai bakin yarinyar ya buɗe da muryar tsohuwa.

"Ina ƙaramar?"

"Baiwar Allah, wace ce ke?" in ji Malam.

"Ni na raini mai babbar munduwar, ko da yake ba jinsinku ba ce ni. Ta rasu wurin haihuwa, jaririn ya bi ta. Ni na sa tasa a cikin tata, don kada su rabu. Tun kafin a haifi kakannin kakanninku nake gadinsu. Wannan ya zo da tsinke."

Mai Tsatsa ya durƙusa. "Ki yi mini rai. Ban san inda baƙon ya nufa ba. Ga ƙanana nan cike da durowa, ki zaɓa. Har ta zinariya akwai."

"Ba a yi kuka a kansu ba. Ya raba uwa da ɗa, ni ma zan tafi da tasa 'yar."

Malam ya tsawatar, ya tuna mata cewa yarinyar ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Sai muryar ta ce a ba ta abin da zai cike gurbin, in akwai.

Uwar ta tashi. Ta shiga ɗakinta, ta dawo da wani ɗan gwangwani daga ƙasan akwati. A ciki akwai 'yar munduwar roba, irin wadda ake ɗaura wa jarirai a asibiti. Ta ɗansu na fari ce, wanda bai yi mako a duniya ba. Mijin da ya san shekarun kowane ƙarfe a gidan bai taɓa sanin tana nan ba.

"Ita kaɗai gare ni," in ji ta. "Ko hotonsa ba ni da shi."

Ta sa ta a cikin babbar munduwar da hannunta. Auta ta karɓa, ta shinshina, hawaye suka zubo mata.

"Wannan an yi kuka a kanta," in ji muryar. "Ki yafe mini, 'yar'uwa. Zan riƙe miki shi da kyau."

Yarinyar ta sulale a jikin uwarta. Malam ya naɗe mundayen a farin ƙyalle, ya ce zai binne su inda ba mai tonowa, ya fita da su.

Allah sarki. Auta ta farka tana cewa yunwa take ji. Uwar ta zuba mata, ta zauna gefenta tana cewa, "Ƙara, 'yata, ƙara," ɗayan hannunta kuwa yana ta shafa cikin gwangwanin da babu komai.