Kabewa Mai Jan Ƙyalle

Ƙamshin miya ne ya tarbi Mama tun daga bakin ƙofa. Amaryar autanta ta fito daga kicin da murmushi har kunne, irin na wadda take jiran yabo.

"Sannu da zuwa, Mama. Kabewar lambunki na dafa miki, wadda kika ɗaura wa jan ƙyalle. Na ce alamar ta nuna ke nan."

Jakar hannun Mama ta suɓuce ta faɗi.

"Mai ƙyallen? 'Ya'yan cikinta fa?"

"Na... na zubar a bola."

"Innalillahi! Yarinya, iri ce fa!"

Amarya ta daskare a tsaye. Ita da ta tashi a gidan bene, ina ta san cewa duk kaka Mama kan ware kabewa ɗaya a bar ta don shuka? Irin nan daga hannun marigayiya mahaifiyarta Mama ta gaje shi, bana kuma kabewar nan kaɗai tsutsa ta bari. Suka ruga bolar bayan gida, suka tarar kaji sun riga su, sai tono suke abinsu.

Ko da Auta ya dawo daga gareji, hukunci ya tarar.

"In damina ta sauka ba ni da abin shukawa, matarka ta tattara nata ya nata."

"Mama, kuskure ne fa—"

"Kuskuren da ya cinye min gadon uwata?"

 A ɗaki ya share wa matarsa hawaye.

"Sori, kin ji? Ina kika nufa ni ma can na nufa."

Washegari Amarya ta kewaye bolar da tsohon gidan sauro, ta rufe ta da taki, duk da ba ta da tabbacin kajin sun bar ko ƙwaya ɗaya. Rani ya shigo, lambu ya bushe. Ta koyi girki da busasshen tumatir da kuɓewar da Mama ta shanya, kullum kuma kwanon Mama sai ya dawo mata a rufe. Abin yana yi mata ciwo, amma ba ta fasa ba.

Ruwan farko ya sauka, na biyu ya biyo. Wata safiya aka jiyo salatin Mama daga bayan gida. Suka fito a guje, suka same ta durƙushe cikin laka, tana shafa wasu ganyayyaki masu ɗigon fari da suka tsiro a bolar.

"Ita ce," ta ce, hawaye na zuba. "Kabewar uwata ce."

Ta daɗe tana kallon gidan sauron, sannan ta kwance jan ƙyallen nan da ta adana a bakin zanenta, ta ɗaura a hannun Amarya.

"Auta, ka ga wannan? Ita ma iri ce. Ba mai taɓa ta a gidan nan."

Haka haƙuri yake: a bola ma ka binne shi, ranar ruwa sai ya tsiro.